Kulle da dukan mata: idan hanyar yaji ta toshe, ina mace za ta nufa?

A watan Afrilun 2020, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya yi gargaɗin cewa cin zarafin mata a cikin gidaje ya ƙaru a faɗin duniya tun da aka fara kullen korona. A Faransa, hukumomi sun ce irin waɗannan ƙararraki sun ƙaru da fiye da kashi 30 cikin ɗari a farkon kullen.

Me ya sa?

Sana'a ta tsaya, kuɗin cefane ya yanke, kowa na gida dare da rana. Amma talauci ba hujjar duka ba ne. Babban abin da kulle ya yi shi ne toshe wa mace hanyoyin tsira. A da, idan abu ya yi tsanani, takan yi yaji zuwa gidan iyayenta, ko ta faɗa wa wata a kasuwa ko wurin biki. Kulle ya hana duk wannan.

Ga Hausawan unguwar Nima a Akara ko na Briqueterie a Yawunde, lamarin ya fi wuya. Wata iyayenta na Maraɗi ko Kano, ga iyakoki a rufe a lokacin kullen. Wata kuma ba ta jin Faransanci ko Turanci, balle ta yi wa ɗan sanda bayani.

Dabarun da aka gwada

A tsibiran Kanari na Sifaniya, mace kan shiga kantin magani ta nemi "takunkumi 19", mai kantin ya gane, ya kira mata taimako. Faransa ma ta bi wannan hanya. A Kanada an ƙirƙiro alamar hannu: a nuna tafi, a lanƙwasa babban yatsa ciki, a rufe shi da sauran yatsu. Darasin ɗaya ne: a kai taimako inda mace ke iya zuwa ba tare da an zarge ta ba. A unguwanninmu, wurin mai niƙa ne, da famfo, da ungozoma.

Yadda za a taimaka

Idan za ki kira ta, fara tambayar ko ita kaɗai ce, da tambayoyin da amsarsu "e" ko "a'a" ce. Ku yi yarjejeniya kan wata kalma ta sirri. Kada a rufe mata baki da "ki yi haƙuri", kada kuma a tunkari mijin ba da saninta ba, don fushin kanta zai koma. Ta ajiye takardunta da na yara da ɗan kuɗi wurin maƙwabciyar da ta amince da ita.

Idan akwai rauni, asibiti ne farko. Idan fyaɗe ne, maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. A Gana, 'yan sanda na da sashe na musamman, DOVVSU. Sarkin zango da liman za su iya raka ta ko su samo mata tafinta. Sulhu kuwa, sai bayan ta tsira da lafiyarta.