Harawa Kaɗai Ba Ta Riƙe Doki

Da kaka ta wuce, dawakin Gaya da Ajingi sukan koma kan harawar gyaɗa da ta wake har ruwa ya sauka. Harawa na da kalsiyam mai gina ƙashi, amma gishirinta kaɗan ne. Doki kuwa yana zubar da gishiri cikin gumi, musamman da bazara ko ranar hawan Sallah. Shi ya sa barga ba ta rabuwa da gishiri da kanwa.

Wajen dusa ake yawan wuce gona da iri. Fosfaras ɗinta ya rinjayi kalsiyam, in ta yi yawa babu harawa, ƙashin fuskar doki kan kumbura. Garin bitamin na kanti kuwa, sai likitan dabbobi ya duba dokin tukuna.