Yini Guda a Argungu, Birnin Kabawa

Ran Asabar da sassafe muka tashi daga Tambuwal, mu goma sha huɗu, wato matasan ikilisiyarmu da waɗansu uku da suka taho daga Kebbe tun jajibere. Mun yi addu'a a ƙofar majami'a, muka bi ta Jega da Birnin Kebbi, kafin rana ta take muna Argungu. Direba ya kafa mana sharaɗi: sai mun dawo gida kafin almuru, don kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki saboda 'yan bindiga.

Abin da ya sa na shirya tafiyar shi ne, wata rana a ajin katakizim na tambayi yara wane ne Kanta, sai ɗaya ya ce ai wannan tarihin Musulmi ne, ba ruwanmu. Maganar ta tsaya mini a rai. A nan aka haife shi, a nan aka binne kakansa, amma yana ganin kansa baƙo.

Gidan Tarihi na Kanta tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce. A nan sarakuna suka zauna har 1942, kuma a 1958 aka mai da ita gidan ajiye kayan tarihi. Sunan na Muhammadu Kanta ne, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya gina Surame da ganuwar dutse. A ciki mun ga masu da takubba da kwari da baka, da tambura, da homa da gora na masunta. Akwai kuma kaburburan sarakuna, inda muka rage murya kamar yadda ya kamata.

To, a nan ne labarin ya shafe mu. A 1805 mayaƙan jihadi a ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kebbi. Kabawa ba su sallama ba, suka koma Argungu, kuma a 1849 Yakubu Nabame ya sake ɗaga takobi. Garinmu Tambuwal kuwa ribaɗi ne, aka ba Buhari ɗan Shehu Usmanu riƙonsa don tsaron wannan gefe. Ke nan waɗansu daga cikin masun da muke kallo a jingine, wataƙila mutanen ƙasarmu aka yi wa tanadinsu. Da na faɗi haka, sai yaran suka daina wasa da wayoyinsu.

Wannan gaba ta kai kusan shekara ɗari. Zuwan Turawa ya tsai da yaƙi, amma bai wanke zukata ba. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya tako da ƙafarsa zuwa Argungu, Kabawa suka tarbe shi da kamun kifi a kogi. Asalin bikin da duniya ta sani ke nan, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun da ake adanawa a 2016. A ganina babban abin lura shi ne, mai ƙarfin ne ya fara takowa, ba a jira na ƙasa ya zo roƙo ba. Mu da muke wa'azin sulhu kowace Lahadi, nawa ne cikinmu suka taɓa shiga gidan maƙwabcin da suke gaba da shi?

Da la'asar muka gangara Matan Fada. Ba lokacin biki ba ne, ruwa shiru, sai 'yan masunta kaɗan. Muka sayi soyayyen kifi muka ci a tsaye, direba na ta danna oda.

A hanyar dawowa, yaron nan da ya ce ba ruwansa da Kanta ya matso kusa da ni ya ce, "Malam Katakis, Suramen nan tana da nisa?" Na ce tana cikin Ƙaramar Hukumar Binji, a jiharmu ta Sakkwato. Ya ce idan an gama girbi shi zai fara ba da kuɗin mota.