Kalmar "Laconic" da Yadda Ake Sarrafa Ta a Jimlar Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kalmomin Ingilishi da kan yi wa ɗalibi da mai fassara tarnaƙi akwai sifar nan "laconic". Ƙamus kan bayyana ta da cewa magana ce mai ƙarancin kalmomi, sai mai koyo ya ɗauka daidai take da "taƙaitacciya". Wannan maƙala za ta nuna cewa gajarta kaɗai ba ta isa a kira magana da wannan suna ba.

2.0 Asalin Kalmar

Kalmar ta samo asali daga Lakoniya, wani yanki na kudancin Girka inda birnin Sifata yake, ta kuma shigo Ingilishi a ƙarshen ƙarni na 16. Mutanen Sifata sun shahara da ƙin doguwar magana. Marubucin nan Fulutak ya ruwaito cewa Sarki Filibus na II na Makidoniya ya aika musu da barazanar cewa idan ya shiga ƙasarsu zai tarwatsa su. Sai suka mayar masa da amsa da kalma guda, wato "idan". Filibus dai ya shiga Lakoniya bayan yaƙin Keroniya na shekarar 338 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi ɓarna, amma bai ci birnin ba.

Labarin da Hirodotas ya kawo ya fi wannan fito da halin. Wasu korarrun mutanen tsibirin Samos sun je neman taimako, suka yi dogon jawabi. Aka ce musu an manta farkonsa, ba a kuma fahimci ƙarshensa ba. Da suka dawo, sai suka ɗaga buhu suka ce yana bukatar gari. Aka amsa musu cewa ambaton buhun ma ƙari ne, tunda ga shi ana gani. A nan ake ganin abin da kalmar ta ƙunsa: gajarta, da natsuwa, da ɗan ba'a wanda mai shi ba ya ko murmusawa.

3.0 Amfani da Ita a Jimla

Ana furta ta da ƙarfafa gaɓa ta biyu. A matsayinta na sifa, takan zo kafin sunayen da suka shafi furuci, kamar "reply" da "remark" da "style" da "humour". Dubi waɗannan misalai:

(1) His laconic reply ended the argument.
(2) "It rained," she said laconically.

A misali na (1), amsar ce ta kashe gardama duk da gajartarta. Na (2) kuwa ya ɗauki sigar bayanau, kuma ba zai yi armashi ba sai an san abin da ya faru. Idan yayyafi aka yi, maganar ba ta da wani gishiri. Amma idan ambaliya ce ta ci rabin gari, matar ta ce "an yi ruwa" ta yi shiru, to, nan kalmar ta zauna daram. Wato ana auna ta ne da tazarar da ke tsakanin girman al'amari da ƙanƙantar abin da aka faɗa a kansa.

Ana iya siffanta mutum da ita, kamar a "a laconic farmer", sai dai a nan ne kuskure ya fi yawa. Mutumin da ba ya son magana sam, mai shiru-shiru, "taciturn" ne. Wanda ya gajarta amsa don fushi ko wulaƙanci, "curt" ya dace da shi. Rahoton ofis da aka tsara babu shara kuwa "concise" ne, kuma wanda ya ce da shugabansa rahotonsa "laconic" ne yana iya zama ya yi masa shaguɓe bai sani ba. A Ingilishin Ostareliya ma'anar kan ja zuwa ga mutum mai sanyin hali da rashin gaggawa.

Wajen fassara zuwa Hausa, kalma guda ba za ta ɗauki nauyin ba. "Miskilanci" ya ƙunshi taurin kai, "kawaici" kuma danne magana ne don kara, alhali mai wannan salo ya faɗi abin da ke ransa sarai. Abin da ya fi dacewa shi ne a bi muhallin jimlar, a ce "gajeriyar amsa mai nauyi" a misali na (1), a na (2) kuma a ce ta faɗa a taƙaice, ko a jikinta.