Tarihin Mutanen Ailan: Littattafan da Suka Shafi Rumbunmu

A kasuwannin Jos da Kaduna za ka ji 'yan kasuwa suna kiran dankalin Turawa "Airish". Sunan ya fito ne daga Ailan, wani tsibiri a yammacin Ingila. Mutanen ƙasar manoma ne talakawa kamar mu a dā, sun sha yunwa, sun watsu cikin duniya, sa'an nan suka farfaɗo. An rubuta littattafai da yawa a kan tarihinsu. Ga huɗu daga ciki waɗanda ya kamata ƙungiyoyin gama kai na Yargoje da kewaye su san abin da ke cikinsu.

Na fari shi ne The Great Hunger, watau "Babbar Yunwa", wanda Cecil Woodham-Smith ta fitar a 1962. A ƙidayar 1841 mutanen Ailan sun ɗara miliyan 8. Kusan miliyan 3 daga cikinsu ba su da wani abinci sai dankali, yawancinsa kuwa iri ɗaya ne. Gonakin na masu ƙasa ne, talaka haya yake yi. Hatsi da dabbobi yakan sayar ya biya kuɗin haya, dankalin ne kaɗai na bakin iyalinsa. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin, ganye ya yi baƙi, 'ya'yan suka ruɓe a cikin ƙasa. A 1846 kusan ba a tsira da kome ba. Kafin 1852 mutum wajen miliyan 1 sun mutu, wasu kamarsu sun bar ƙasar. Abin baƙin ciki, ana cikin wannan hali jiragen ruwa suna ta fita da hatsi da shanu zuwa Ingila, gama mai yunwa ba shi da kuɗin saye.

Wannan labari ba baƙo ba ne a gare mu. Tsofaffi suna tuna farin 1973, da cutar da ta cinye gyaɗa a Arewa a 1975. A shekarar nan ta 1975 aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtua, wanda ya haɗa da gundumomin Ƙanƙara da Faskari. Masara ta samu shiga ƙwarai, har wasu suka rage dawa da gero da wake. Masara tana kawo kuɗi, amma ba ta yi sai da takin zamani, tun 2016 kuma tsutsar nan mai cin zuciyarta ta shigo Nijeriya. Wanda ya shuka abu ɗaya tak ya ɗora ran gidansa a kan igiya ɗaya.

Littafi na biyu, Emigrants and Exiles na Kerby Miller, 1985, ya bi sawun waɗanda suka tafi Amurka. Marubucin ya tattara wasiƙun da suka riƙa aiko wa gida. Sun yi aikin lebura da aikatau, suna tsimin ɗan abin da suka samu, su aiko a biya haya ko a biya wa ƙane kuɗin jirgi. Mu ma muna da 'ya'ya a Legas da Abuja, da waɗanda harin 'yan bindiga ya kora daga gonakinsu, kamar wanda aka kai Yargoje a watan Yuni na 2024. Wanda ya tafi bai fita daga cikinmu ba. Kada sakatare ya soke sunansa daga littafin ƙungiya.

Na uku shi ne ya fi kusa da aikinmu. Sunansa My Story, 1939, na Patrick Gallagher, mutumin lardin Donegal. Tun yana yaro aka ba da shi ƙodago a gonakin masu hali. Da ya girma ya tafi aikin haƙar ma'adinai a Sikotilan, a can ya ga kantin ƙungiyar ma'aikata inda ribar ke komawa ga masu saye. A garinsu kuwa mai kanti shi ne mai ba da bashi, shi ne mai sayen ƙwai da amfanin gona, shi ke yanka farashi ta kowane gefe. Mun san irinsa: ya ba ka hatsi da damina, ya karɓi ninki da kaka. A 1906 Gallagher da maƙwabtansa 'yan kaɗan suka kafa ƙungiyar Templecrone, suna haɗa kuɗi su sayo taki a sari. 'Yan kasuwa sun yaƙe su, amma ƙungiyar ta tsaya, tana nan har yau a garin Dungloe. Ba shi ya fara ba. Horace Plunkett ya riga ya soma wa'azin gama kai tun 1889, a 1894 kuma ya kafa babbar ƙungiya mai koya wa ƙananan ƙungiyoyi riƙon lissafi.

Na huɗu, The Irish Missionary Movement na Edmund Hogan, 1990, ya ba da labarin jikokin waɗanda suka tsira daga yunwar, waɗanda suka zo Afirka suka buɗe makarantu da asibitoci. John McCarthy, wanda ya zama Akbishop na fari na Kaduna a 1959, ɗan Ailan ne.

Littattafan nan da Turanci suke. Saboda haka muna roƙon malaman makaranta da sakatarorin ƙungiya, wanda ya samu ɗaya ya karanta babi guda, ya ba da labarinsa da Hausa a taron wata. Bayan haka kowace ƙungiya ta zauna ta amsa tambayoyi uku kafin ruwan shuka. Iri nawa kowane gida zai shuka bana? Dami nawa za mu kulle a rumbun ƙungiya har watan Agusta, lokacin da hatsi ke tsada? Wa zai riƙe littafin kuɗi, wa kuma zai duba shi? A rubuta amsoshin, a karanta su a gaban kowa.