Taragon Manya da Tashar da Aka Manta: Abin da Masu Kuɗi Ke Saya a Tafiyar Kaduna

A ƙasashen da suka ci gaba, masu hannu da shuni sun koma sayen abin da talaka ke gudu, wato jinkiri. Mutumin da zai iya hawa jirgin sama ya isa cikin awa biyu, shi ne ke biyan dubban daloli don ya kwana a jirgin ƙasa mai tafiyar hawainiya, ana kawo masa abinci kala-kala, yana kallon gonaki da duwatsu ta taga. Kasuwar ta kai har kamfanin LVMH na Faransa ya zuba dala biliyan 3.2 ya sayi Belmond a 2019, kamfanin da ke da jirgin Venice Simplon-Orient-Express da jerin otal-otal na alfarma. Indiya na da Palace on Wheels tun 1982, ta ƙara da Maharajas' Express a 2010. A nan Afirka, Rovos Rail da aka kafa a 1989 yana ɗaukar baƙi daga Cape Town har Darussalam ta Tanzaniya cikin kusan mako biyu. A teku ma haka zancen yake: ƙananan jiragen ruwa na ƙasaita suna kai mutane gaɓar Antatika, inda masu ziyara suka haura 100,000 a kakar 2022 zuwa 2023.

Kaduna ma tana da nata taragon manya, tana da nata gidan shaƙatawa na alfarma. Sai dai dalilin da ya haifar da su a nan daban ne, kuma wanda ya fi kowa ganin wannan bambanci shi ne mazaunin kudancin kogin Kaduna: Kakuri, Makera, Barnawa, Narayi, Television, Unguwar Romi, Sabon Tasha.

Dogo ne ya haifi wannan yanki. Layin Baro zuwa Kano ya ratsa nan ya isa Kano a 1911, Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, sannan layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya haɗe da na Legas a tashar Kaduna Junction da ke kudancin kogi. Wannan mahaɗa ce ta jawo masana'antu. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, sauran masaƙu irin su Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, ga masana'antar kayan yaƙi ta DICON a 1964, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, ga matatar mai a 1980. Dattawan da suka yi aiki a wancan zamani suna tuna jirgin Legas da taragonsa na kwana da na cin abinci, lokacin da babban ma'aikaci ke tafiya hutu da iyalinsa a faskila ba tare da ya ji ya rage daraja ba. Daga shekarun 1980 dogo ya fara durƙushewa, masaƙu suka bi sahu, Kaduna Textiles ta rufe a 2002. Yau wanda ya leƙa tsohuwar tashar zai tarar da taragu masu tsatsa a jere kan layukan gefe, ciyawa ta tsiro tsakanin ƙarafa, awaki na kiwo a inuwar rumfunan da a da ake loda dilolin atamfa.

Sabon jirgi ya zo, amma bai sauka a nan ba. Ranar 26 ga Yuli 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da layin Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kilomita 186, wanda kamfanin CCECC na Sin ya gina da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar. Layin ya tashi daga Idu ya ƙare a Rigasa, yamma da gari, a ƙaramar hukumar Igabi. Akwai ƙaramar tasha a Kakau ta ɓangaren kudu, amma inda fasinja ke hawa da sauka shi ne Rigasa. Saboda haka ɗan Sabon Tasha mai son zuwa Abuja sai ya yi sammako ya bi babbar hanyar Nnamdi Azikiwe, ya tsallaka kogi zuwa arewa, ya karya ta Bakin Ruwa ya shiga cunkoson Rigasa, don ya hau jirgin da zai sake tsallako kogin ya dawo kudun da ya baro. Ga garin da rikicin 2000 da na 2002 suka raba shi gida biyu, har mutane suka koma zaɓar gefen kogin da za su zauna bisa addininsu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutane da yawa a kudu sun gwammace su hau mota a Abuja Junction su miƙa wuya ga hanya.

Da aka fara, jirgin na talaka ne: kuɗin kujera bai kai Naira 1,000 ba. Manya ba su damu da shi ba, suna da motocinsu da direbobinsu. Abin da ya canza lissafi shi ne hanyar Abuja zuwa Kaduna. Daga 2017 sunayen Rijana da Katari da Jere suka zama abin faɗuwar gaba, masu garkuwa da mutane suna tare hanya da rana tsaka. Nan take sanatoci, manyan hafsoshi, sarakuna da 'yan kasuwa suka yi wa jirgi ca. Ayarin motoci da jiniya ya riƙa ajiye mai gida a Idu, wani ayarin na jiransa a Rigasa.

Wannan ne asalin alfarmar jirgin Kaduna. Taragon manya yana da kujeru masu faɗi, sanyin na'ura, da ƙarancin hayaniya, amma babu mai hawansa don ya more kallon dajin Kagarko. Abin da ake saya shi ne isa gida da rai. A Turai mai kuɗi yana biya don tafiyar ta daɗe, a nan yana duba agogo yana addu'ar a wuce Rijana kafin magariba.

Sakamakon farko ya faɗa kan tikiti. Da masu iko suka shigo layi ɗaya da masu ƙaramin ƙarfi, kujeru suka yi kaɗan, 'yan cuwa-cuwa suka samu kasuwa. Sai a ce maka tikiti ya ƙare a taga, ka juya ka ga mai sayar da shi ninki biyu a bakin ƙofa. Bayan kullen korona a 2020 kuɗin kujerar talaka ya koma Naira 3,000, na manya Naira 6,000, da hujjar ba da tazara. Korona ta wuce, farashi bai sauko ba. A Janairun 2021 aka shigo da sayen tikiti ta intanet, abin da ya rage wani ɓangare na maguɗin, ya kuma ƙara tsere wa tsohuwar da ba ta da babbar waya. Garuruwan kan hanya su ma sun ji a jika: masu sayar da doya, masu gasa masara da masu gidajen abinci sun rasa matafiyan da suka fi kowa sakin kuɗi. Mafi muni, matsin lambar gyara hanyar ya ragu, domin masu muryar da gwamnati ke ji sun samu mafita. Aikin hanyar Abuja zuwa Kano da aka bayar tun ƙarshen 2017 ya yi ta jan ƙafa, musamman ɓangaren Abuja zuwa Kaduna.

Sai daren 28 ga Maris 2022. 'Yan ta'adda suka dasa bam a kan dogo a yankin Katari da Rijana, suka buɗe wa jirgin da ya taso daga Abuja wuta. Aƙalla mutum 8 suka rasu, aka tafi da fiye da 60 cikin daji, kuma waɗanda suka tsira sun ba da labarin yadda maharan suka nufi taragon manya. Na ƙarshen waɗanda aka sace, su 23, ba su dawo ba sai ranar 5 ga Oktoba, jirgin kuma bai koma aiki ba sai 5 ga Disamba. Tara masu kuɗi a tarago guda, wanda aka yi don kare su, shi ne ya nuna wa ɓarawo inda zai dosa. Kwana biyu kafin wannan hari an kai wani a filin jirgin saman Kaduna. Na ɗan lokaci, babban birnin tsohuwar Jihar Arewa ya zama ba shi da hanyar shiga da hankali ke kwanciya da ita, ta ƙasa ko ta dogo ko ta sama.

Labarin gidan shaƙatawa bai bambanta ba. Kimanin kilomita 45 daga gari, idan aka bi hanyar Kachia ta Sabon Tasha da Maraban Rido, akwai Fadar Kajuru, wadda wani Bajamushe mazaunin Kaduna ya gina da dutse a kan tsauni a shekarun 1980, da siffar fadojin Turai na da: hasumiyoyi, sulken mayaƙa a jingine a bango, wurin ninƙaya da ke kallon duwatsun Kajuru. Gidan ba ya ɗaukar mutane da yawa, akan kama shi ne gaba ɗaya, iyali ko abokai su zo da mai dafa musu abinci. Irin keɓewar da baƙi ke biyan maƙudan kuɗi a kanta a Kenya ko Maroko ke nan. Ranar 19 ga Afrilu 2019 'yan bindiga suka afka wa gidan, suka kashe wata 'yar Birtaniya ma'aikaciyar agaji da wani ɗan Najeriya, suka sace wasu. Keɓewar da ake tallatawa ita ce ta zama rauninsa. Ofisoshin jakadanci suka ƙara tsaurara gargaɗi ga 'yan ƙasashensu, kuma a harkar yawon buɗe ido gargaɗin jakada ya fi kowace talla ƙarfi, don kamfanin inshora da shi yake aiki.

Ko ta teku ma Najeriya ba ta tsira ba. Jiragen ruwan yawon buɗe ido da ke bin gaɓar Afirka ta Yamma sukan tsaya a Dakar, Banjul, Tema, Lome da Kwatano, galibinsu su tsallake Najeriya. A 2020, daga cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su. Fashin ya ragu sosai daga baya, amma suna ya riga ya ɓaci.

To ina kuɗin hutun masu kuɗin Kaduna ke zuwa, tunda ba su daina hutawa ba? Kaso mafi tsoka yana fita waje. Dubai, Alkahira, Kigali, Zanzibar, da uwa uba Umara, wadda a wajen wasu ta zama ibada haɗe da hutu a otal mai kallon Harami, da tafiya Madina a jirgin Haramain mai gudun gaske da aka buɗe a 2018. Faɗuwar Naira bayan Yunin 2023 ta rage masu iya wannan, amma ba ta juyo da su Kajuru ba. Ragowar kuɗin yana komawa bayan katanga a cikin gari. Duk mai bin Barnawa da Narayi High Cost da titin Yakowa ya ga yadda ƙananan otal-otal, gidajen haya na kwana-kwana da wuraren biki suke tsirowa, kowanne da doguwar katanga, waya mai lantarki, janareta da maigadi mai na'urar bincike. Gadar da ta haɗa Kabala Costain da Barnawa ta ƙara musu ciniki daga arewacin kogi. Wannan harka tana samar da aiki, ba a musu: masu girki, masu wanki, masu gadi, masu kiɗa. Amma aiki ne na albashi kaɗan da ba shi da fansho, kuma duk otal-otal ɗin idan aka haɗa ba za su ɗauki yawan mutanen da masaƙun Kakuri suka ɗauka ba. Kuma baƙon da ya shiga bayan katanga ba ya sayen komai a Kasuwar Kakuri.

Akwai masu cewa a gyara tsofaffin taragu a yi jirgin alfarma daga Kaduna Junction zuwa Kafanchan da Jos, ta gefen tsaunukan Kagoro da ruwan Matsirga. A takarda shawarar tana da daɗi, kuma ƙasar da layin ya ratsa ba ta gaza ta kowa kyau ba. Doka ma ta buɗe ƙofa, tunda gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa. Sai dai masu wannan magana suna mantawa da abu guda: Rovos Rail ba shi ya shimfiɗa dogonsa ba, yana hawa ne kan layin da jiragen kaya suke biyan kuɗin kula da shi. Jirgin alfarma tamkar kwalliyar amarya ne, sai an ci an ƙoshi an yi wanka ake yin ta. Layin da ba ya ɗaukar masara da citta da siminti kullum ba zai iya ɗaukar baƙo mai dala sau ɗaya a wata ba. Tashar tsandauri da aka buɗe a Kakuri a Janairun 2018 an yi ta ne don kwantena su riƙa zuwa ta dogo daga Legas, amma manyan motoci ne suka ci gaba da ɗaukar mafi yawan nauyin.

A ganina Kaduna ba ta da matsalar rashin abin nuna wa baƙo. Matsalarta ita ce ta mayar da tsaro hajar da ake saya da tikiti, alhali tsaro ba ya rabuwa tarago-tarago. Gwamnatin jiha da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya su fara da abin da ke hannunsu: a mayar da Kakau cikakkiyar tashar fasinja domin mutanen kudancin kogi, a ƙara yawan zirga-zirga da kujerun talaka, a dawo da jigilar kaya zuwa Kakuri, a kuma hana gine-gine da filayen Kaduna Junction salwanta a hannun masu yanka fuloti. Masu son zuba jari a jirgin alfarma su jira sai hanyar Kachia ta zama wadda malamin makaranta zai bi da iyalinsa da yamma ba tare da rakiyar soja ba.