Kafin Ka Sauya Kayan Ɗakin Cin Abinci

A gidajen zamani da ake ginawa yau a Kano, Kaduna, Abuja, Sakkwato, har Maraɗi da Yamai, da wuya ka ga zanen gida ba a ware wani sashe kusa da falo an ce nan ne wurin cin abinci ba, wato abin da aka fi kira dayinin. In an tashi jeren amarya ma, teburi da kujerunsa shida sun shiga sahun gado da kujerun falo, har iyaye na ganin jere bai cika ba in babu su. Sai dai duk mai shiga gidaje ya san ƙarshen labarin. Teburin yakan koma ma'ajiyar kuloli da filas da makullan mota da jakunkunan makarantar yara. In an sauke tuwo kuwa, sai a shimfiɗa leda a tsakiyar falo kowa ya tanƙwashe ƙafa. Bayan wasu shekaru ledar kujerun ta ɓare, ƙafafunsu sun fara rawa, sai a ce lokacin sauyi ya yi, a je a sayo irin wancan, a maimaita asarar.

Wannan faɗakarwa ta mai niyyar sabunta ɗakin ce, don kuɗin da zai kashe su sayo masa abin da iyalinsa za su mora, ba abin da za a riƙa kaɗe wa ƙura ba.

Yaya gidanku ke cin abinci?

Wannan ita ce tambayar farko, tun kafin a je kasuwa. Tsohon gidan Bahaushe bai san ɗaki na musamman don ci ba. Maigida ya ci a turaka ko a zaure da baƙinsa, ko ya fita ciyayya da maƙwabta a ƙofar gida. Mata da yara su ci a tsakar gida, ga akushi ga faifai ga tabarma. Ware ɗaki guda da teburi da kujeru al'adar Turawa ce, ta shigo mana ta gidajen ma'aikatan mulkin mallaka irin na unguwar Nasarawa a Kano, 'yan boko suka ɗauka, daga baya ta zama ruwan dare. Cin abinci a ƙasa kuma yana da tushe a addini, domin Bukhari ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan shimfiɗa yake cin abinci, ba a kan teburi ba, ko da yake malamai ba su ce teburi haramun ne ba.

Saboda haka babu abin kunya in iyalinka sun fi sakewa a ƙasa. Irin wannan gida zai fi amfana da darduma mai kauri, da tum-tum na jingina, da gajeren teburi mai faɗi da ake kewayewa a zaune, da kabad mai kyau na ajiye kwanuka. Amma in akwai dattijo mai ciwon gwiwa ko baya wanda zaman ƙasa ke wahalarwa, ko kana yawan karɓar abokan aiki da surukai, ko yara na bukatar wurin karatu da dare, to teburi ya zama bukata. A nan sai a ƙirga mutanen da ke ci tare kullum, ba taron ranar Sallah ba. Gidan mutum biyar bai bukatar kujeru goma sha biyu saboda walimar da ake yi sau biyu a shekara. A ajiye kujerun naɗewa a sito, su isa.

Awo kafin ciniki

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga kaya a shagon da ke da faɗi kamar filin ƙwallo, a yi sha'awa, a kawo gida su cike ɗakin har mai kawo abinci sai ta bi ta gefe-gefe. Ɗauki tef ka auna tsawo da faɗin ɗakin, ka rubuta. Daga bakin teburi zuwa bango, ko zuwa kabad, ana so a bar kamar santimita 90, wato ƙafa 3, a kowane gefe, don a iya jan kujera a tashi. Ɗakin da ke da mita 3 da rabi a faɗi, in ka cire wannan fili hagu da dama, abin da ya rage shi ne iyakar abin da teburinka zai ci.

Kowane mai zama na bukatar kamar santimita 60 na bakin teburi don kada gwiwar hannu ta riƙa karo da ta maƙwabci. Teburin mutum shida yakan kai ƙafa 6 a tsawo da ƙafa 3 a faɗi. Na mutum takwas ya kai ƙafa 8. Tsayinsa daga ƙasa inci 30 ne, mazaunin kujera kuma inci 18, ta yadda cinya za ta sami sarari. Ɗaki mai kusurwa huɗu daidai wa daida ya fi dacewa da kewayayyen teburi, wanda faɗinsa ƙafa 4 ya ishi mutum huɗu, ga shi ba shi da kaifin kusurwa da zai fasa goshin yaro. Wata dabara mai sauƙi: shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa daidai girman teburin da kake so, ka kewaya su kana riƙe da faranti. Nan take za ka gane ko ya yi yawa. Kada kuma a manta da auna ƙofa da lungun bene, don an sha kawo kaya su ƙi shiga.

Katako da yanayinmu

Nan ne gizo ke saƙa. Katako yana shan danshi yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa, kuma a Arewa bambancin damina da hunturu mai tsanani ne. Yawancin katakon da ake sayarwa a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ko a Dei-Dei ta Abuja daga dazuzzukan Kudu da Taraba yake zuwa, sau da yawa da sauran ruwa a jikinsa. In kafinta ya yi aiki da shi bai bushe ba, teburin zai yi kyau a watan Agusta, amma da buji ya kaɗa a Disamba sai ka ji shi yana ƙara cikin dare. Gari na wayewa ka ga tsaga a tsakiya, mahaɗai sun buɗe baki. Shi ya sa kayan da aka haɗa a Legas ko Benin sukan lalace in an kawo su Katsina. Katakon kayan ɗaki ana so danshinsa ya sauko zuwa kusan kashi 10 cikin ɗari, kuma wannan sai an jera shi a inuwa, da tsinke tsakanin kowane falanki, ya yi watanni yana shan iska.

Sai kuma irin icen. Loko, wanda 'yan kasuwa ke kira iroko, yana da ƙarfi kuma gara ba ta cika damunsa ba. Mahogani, dangin maɗacin da muka sani, yana da jan launi mai kyau, yana kuma karɓar shafe. Tik ma ingantacce ne amma da tsada. Obeche fari ne, marar nauyi, mai taushi. Ya dace da silin ko cikin durowa, bai dace da ƙafar kujera ba, sai dai wasu kan shafe shi da jan fenti su ce mahogani ne. Gane shi ba wuya: leƙa ƙarƙashin teburin inda fenti bai kai ba, ka danna farcenka. In ya lotsa, ka san abin da ake sayar maka. Tsadar ice mai kyau kuma ba ƙaryar 'yan kasuwa ba ce kaɗai. Dazuzzuka sun ja baya, har maɗobiya, wadda aka yi ta sara a Taraba ana lodinta zuwa Sin, sai da yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu daga 2017.

Mafi yawan kayan da ke ƙyalli a shaguna kuwa ba ice ba ne zalla. Allon MDF ne, garin katako da aka cuɗa da gam aka matse, aka lulluɓe da bango mai sheƙi. Yana da araha, ba ya tsagewa da hunturu, amma ruwa ne ajalinsa. A gidan da ake goge tayil da ruwa kullum, gindin kayan zai sha, ya kumbura, ya fara marmashewa, kuma ba ya gyaruwa. In shi aljihu ya iya, a tabbata an rufe gefunan allon, ƙafafu kuma su kasance na ice ko ƙarfe. Sabonsa yakan fitar da wari mai yaji a ido saboda sinadarin gam ɗin, don haka a bar tagogi a buɗe na wasu kwanaki kafin a fara zama.

Saman teburi da rigar kujera

A zaɓi saman da zai jure irin abincinmu. Mabul yana da kwarjini, amma yana tsotse manja da zoɓo, lemon tsami da tsamiya kuma suna cin sheƙinsa. Dutsen giranayit ya fi shi juriya. Gilashi na da sauƙin gogewa, sai dai a gidan yara a nemi wanda aka gasa, mai kaurin milimita 10 ko 12, wanda in ya fashe yake zama tsakuwa-tsakuwa maimakon ya yi kaifi. Saman ice kuwa ko ya ƙoƙe ana iya kankare shi a sake shafawa ya dawo sabo, muddin ana sa matashi a ƙarƙashin tukunya mai zafi.

Kujera ta fi teburi shan wahala, don ita ake ja, ake jingina, yara su hau su yi lilo. In ka je shago, a Kugbo ta Abuja ne ko Panteka ta Kaduna ko wurin kafintan unguwa, kada ka tsaya kallo. Zauna ka jingina, ka motsa hagu da dama. Sannan ka kifa ta ka duba ciki. Kujerar kirki za ka ga an fafe ice an zura wani cikin wani, an kuma ɗaure kusurwoyi huɗu da 'yan guntayen katako da sukuru. In ƙusa da gam kawai ka gani, ba za ta yi shekara biyu ba. In kuma ka ga 'yan ramuka kamar na allura da gari mai laushi yana zubowa, ƙwari na ciki suna ɓarna, bar ta ko kyauta ce. Farar leda mai araha tana ɓarewa da zafi, farin yadi kuma ba ya shiri da miyar kuka. Yadi mai duhu, mai kauri, a kan mazaunin da ake iya kwancewa a sake masa riga, shi ya fi daɗewa.

Tsakaninka da kafinta

Mutane da yawa na ganin sai na waje, na Turkiyya ko Sin ko Dubai. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa kayan ɗaki cikin kayayyaki 41 da ya hana wa canjin gwamnati, ya janye hanin a Oktoban 2023, amma faɗuwar naira ta sa na wajen sun ƙara nisa da mai matsakaicin hali. Alhali da yawansu allon nan ne na garin katako da ado a sama, kuma in ƙafa ɗaya ta karye babu inda za a samo irinta. Ƙwararren kafinta na gida zai yi maka daidai awon ɗakinka, in abu ya lalace kuma ka san inda yake.

Sai dai a yi ciniki da ido buɗe. Za ka ji ya ce, "Alhaji, kada ka damu, mahogani ne zalla, sati biyu ka zo ka ɗauka." Ka amsa masa da fara'a, "To Malam, mu je in ga katakon tukuna." Nemi ya nuna maka aikin da ya yi wa wani shekara biyu ko uku da suka wuce, domin sabon aiki kowa nasa na da kyau. A rubuta irin ice, da awo, da launi, da yadi, da ranar kawowa, da shaida. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin kayan aiki, ciko sai an kawo ka duba. In kana so don Sallah ko biki, ba da aikin tun da sauran watanni, domin aikin gaggawa shi ke sa a ɗauko ɗanyen katako.

Ba komai ne sai sabo ba

Kafin a kira dillaliya ta kwashe tsofaffin kaya a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, a duba su da kyau. Teburan da aka yi shekaru talatin ko arba'in da suka wuce sau da yawa icensu ya fi na yanzu. A kankare, a shafa, a ɗaure mahaɗai, a sake wa kujeru soso da yadi, sai ɗaki ya canza da kaso kaɗan na kuɗin sabo. Ragowar a sa a abin da ake mantawa da shi: fitila mai haske a saman teburin, an rataye ta kamar ƙafa 2 da rabi zuwa 3 daga samansa, fanka ko taga mai shigo da iska, don ba mai zama cin tuwo cikin zufa, wurin wanke hannu a kusa, tunda da hannu muke ci, da kabad mai murfi da zai ɗauke kuloli da tangaran daga kan teburin ya kare su daga ƙura.

Iyayen amare su ma su yi tunani. Yarinyar da za a kai ɗaki biyu da falo a gidan haya, cusa mata teburi mai kujeru shida takura ce, kuma sau da yawa da bashi aka saye shi don gudun bakin 'yan ganin ɗaki. 'Yan ganin ɗaki yini ɗaya za su yi su watse, bashin kuwa ya kwana. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma nagari a nan shi ne wanda ya dace da girman ɗaki, da yanayin gari, da yadda mutanen gidan ke cin abincinsu. Allah ya hore mana na halal, ya sa albarka a abin da muke ci.