Ghent: Birnin da ɗan cikinsa ya rataya wa dattawansa igiya a wuya

Duk shekara a watan Yuli, idan aka shiga bikin kwana goma na birnin Ghent da ke arewacin Beljiyam, akan ga ayarin maza sanye da fararen riguna, ba takalmi, kowa da igiya rataye a wuya. Baƙo zai ɗauka masu laifi ne za a miƙa wa hauni. 'Yan gari kuwa tafi suke yi musu.

Abin da suke tunawa ya faru ne a 1540, kuma wanda ya sa aka yi shi haifaffen garin ne.

Ghent na yankin Flanders, inda ake magana da harshen Dutch, a mahaɗar kogunan Leie da Scheldt. A ƙarni na 14 yana cikin manyan biranen Turai, kuma saƙa ce ta kai shi can. Ana shigo da gashin tumaki daga Ingila, masaƙan garin su mayar da shi tufafin ulu masu tsada. Dukiyar ta zo da taurin kai, kuma yawancin sunayen da ake tunawa da su a garin, ko dai saƙar ce ta fito da su, ko taurin kan.

Attajirin da jama'arsa suka kashe

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Faransa a 1337, mai mulkin Flanders ya bi bayan Faransa. Sarkin Ingila, Edward na Uku, ya riga ya hana fitar da gashin tumaki zuwa yankin, masaƙa suka zauna ba aiki, yunwa ta shigo gari.

A nan wani attajiri mai suna Jacob van Artevelde ya karɓi ragamar birnin. Ya sasanta da Ingila, kaya suka dawo. A watan Janairun 1340, a dandalin Kasuwar Juma'a ta Ghent aka shelanta Edward a matsayin sarkin Faransa. A shekarar ce kuma matar Edward ta haihu a garin, aka samu John of Gaunt, wanda sarakunan Ingila na gidan Lancaster suka fito daga tsatsonsa. "Gaunt" ɗin nan ba komai ba ne illa yadda Turawan Ingila na lokacin ke kiran Ghent.

Artevelde bai yi ƙarko ba. Rigima ta shiga tsakanin ƙungiyoyin masu sana'a, aka fara zarginsa da sayar da ƙasa ga Ingila, kuma a watan Yulin 1345 gungun 'yan gari suka far wa gidansa suka kashe shi. Sai bayan shekara fiye da 500, a 1863, aka kafa masa mutum-mutumi a dandalin nan.

Hukuncin Charles

A ranar 24 ga Fabrairun 1500 aka haifi Charles na Biyar a fadar Prinsenhof da ke Ghent. Ya gaji Sifaniya da ƙasashen da ta mamaye a nahiyar Amurka, da kudancin Italiya, da yankin da ya zama Beljiyam da Holan a yau. A 1519 aka zaɓe shi sarkin Daular Rum Mai Tsarki.

Mai faɗin ƙasa irin wannan ba ya rabuwa da yaƙi, yaƙi kuwa kuɗi yake ci. Da aka nemi Ghent ta biya rabonta na kuɗin yaƙi da Faransa, sai ta ce ba ta biya, tana kafa hujja da tsofaffin 'yancin da ta gada. A 1539 abin ya zama tawaye a fili.

Charles ya taso daga Sifaniya da kansa, ya ratso ta cikin Faransa, abokiyar gabar tasa, ya shiga garin haihuwarsa da dakaru a watan Fabrairun 1540. Aka kashe jagororin tawayen. Ya soke 'yancin birnin, ya ɗora masa tara mai nauyi, ya rushe tsohon gidan ibada na Saint Bavo ya gina sansanin soja a wurin. Sannan a ranar 3 ga Mayu ya sa manyan gari suka tako ba takalmi zuwa fadar da aka haife shi, hamsin daga cikin ayarin da igiya a wuya, suka durƙusa suna neman afuwa.

So ya yi abin kunyar ya bi su har jikoki. Ya bi su ɗin, amma ba yadda ya nufa ba: har gobe ana yi wa mutanen Ghent laƙabi da "Stroppendragers", wato masu ɗauke da igiyar rataya, kuma da alfahari suke amsawa.

Injin sata da ɗan mai gyaran takalma

Saƙar ta sake farfaɗowa ta hanyar da ba a cika yabawa ba. A ƙarshen ƙarni na 18 Ingila ta haramta fitar da injinan kaɗi daga ƙasarta. Lieven Bauwens ya yi fasa-ƙwaurin ɗaya, gunduwa-gunduwa, ya haɗo da ƙwararrun ma'aikata. Masana'antun auduga suka cika Ghent, shi kuma har magajin gari ya zama. Talaucin ma'aikatan ya zo tare da su. Pierre De Geyter, wanda aka haifa a 1848 a gidan irin waɗannan ma'aikata, shi ya tsara kiɗan "Internationale" a 1888, wanda ya zama taken Tarayyar Sobiyet har 1944.

A ganina wanda ya fi shiga rayuwar kowa shi ne Leo Baekeland, ɗan mai gyaran takalma, haifaffen 1863. Ya yi karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Ghent, ya koma Amurka, a 1907 ya haɗa Bakelite, robar farko da aka samar kacokan daga sinadarai. Akwatunan rediyo da wayoyin tarho na da, da makunnan lantarki, da ita aka yi ta yin su.

Garin ya samu kyautar Nobel sau biyu ta hannun 'ya'yansa: Maurice Maeterlinck a adabi a 1911, duk da cewa da Faransanci ya yi rubutunsa, sai Corneille Heymans a fannin likitanci a 1938. Jacques Rogge, likitan ƙashi da ya shugabanci kwamitin wasannin Olamfik na duniya daga 2001 zuwa 2013, shi ma a nan aka haife shi.

Masu bin ƙwallo sun san garin ta wata ƙofar. Kevin De Bruyne ɗan Drongen ne, wata unguwa a gefen Ghent. Moses Simon, haifaffen Jos, ya je ƙungiyar KAA Gent a farkon 2015, kuma a kakar ce ta ɗauki kofin gasar Beljiyam karo na farko a tarihinta. A kula dai, Gent daban, Genk daban. Wilfred Ndidi da Paul Onuachu a ta biyun suka buga.

A babban cocin Saint Bavo kuwa ana ajiye da zanen da 'yan'uwa biyu, Hubert da Jan van Eyck, suka yi, wanda aka kammala a 1432. Sojojin Faransa sun taɓa kwashe wani ɓangarensa zuwa Paris, 'yan Nazi sun ɓoye shi a ramin haƙar gishiri a Ostiriya har 1945. A 1934 ɓarawo ya ɗauke allo biyu daga cikinsa. An dawo da ɗaya. Ɗayan kwafi ne ke tsaye a gurbinsa, kuma har yanzu ba a daina nemansa ba.